Kaza mai sanyin hali a tsakar gidan Legas: abin da kiwo ya koyar

Wanda zai fara kiwo a bayan gida a Agege ko Idi-Araba yakan tambayi wace kaza ce ta fi ƙwai. Aikin kiwo ya nuna cewa akwai tambayar da ta riga wannan: wace kaza ce za ta zauna inda aka ajiye ta, yaro ya ɗauke ta ba ta yakushe shi ba, maƙwabci kuma bai kai ƙara wurin mai gida ba? A Legas fili kaɗan ne, katanga gajera, ga gidan haya mai mutum da yawa.

Kazar Hausa ta fi kowa jure wahala, tana kwanci, tana ƙyanƙyasa cikin kwana 21, ta raini 'ya'yanta da kanta. Sai dai jikinta ba nauyi, tana da tsoro, kuma tsallake katanga ba komai ba ne a wurinta. Ƙwanta a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. A ƙauye wannan ba matsala ba ne. A nan kuwa, idan ta tsallaka sau ɗaya, da wuya ta dawo.

Ga sabon shiga, Noiler ta fi sauƙi. Kamfanin Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita, don nama da ƙwai a haɗe. Tana da nauyi, ba ta son tashi sama, tana saurin sabawa da mai ba ta abinci, kuma tana cin ragowar shinkafa da ganye tare da abincin buhu. Haka ita ma FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci samar da ita a jami'ar noma ta Abeokuta. Akwai jinin kajin gida a jikinta, shi ya sa zafi da laimar kudu ba su cika damunta ba. Amma kada a sa rai Noiler za ta yi kwanci. Mai son 'yan tsaki sai ya ajiye kazar Hausa guda ɗaya, a fige mata gashin fiffike ɗaya, a zuba mata ƙwan.

Idan ƙwai kawai ake so, ISA Brown tana da haƙuri, kuma tana iya kai wajen 300 a shekarar farko, tana farawa tun tana sati 18 zuwa 20. Sharaɗinta abinci: giram 110 zuwa 120 na abincin masu ƙwai kullum, ga ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. A ba ta dusa kaɗai, ƙwai ya tsaya, ɓawo ya yi laushi, har su fara tsattsagar juna.

Brahma da Orpington da ake tallatawa a Facebook da tsada, gaskiya ne suna da sanyin hali ƙwarai. To amma gashinsu na ƙasar sanyi ne. Da rana za a gan su baki buɗe suna haki, Brahma kuma gashin ƙafarta yana kwasar caɓi a ruwan watan Yuni. Na ado ne, ba na mai koyo ba.

Rabin sanyin hali daga jinsi yake, rabi daga hannu. A fara da huɗu zuwa shida, 'yan sati huɗu ko biyar da suka bar wuta, domin ɗan kwana ɗaya yana bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a satin farko, wutar lantarki kuwa ba abar dogaro ba ce. A tambayi mai sayarwa ko an yi musu rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, da ranar da aka yi. A riƙa ba su abinci a lokaci guda, a tsuguna maimakon a tsaya a kansu, a ɗauke su ta ƙasan ƙirji tare da riƙe fikafikai. Yaron da ke bin su da gudu zai mayar da kowace kaza matsoraciya cikin sati guda.

Cunkoso ma yana ɓata hali. Kada a wuce kaza uku ko huɗu a murabba'in mita ɗaya na akurki. A ɗaga akurkin daga ƙasa saboda ambaliya da ɓeraye, a sa raga ta ɓangarori biyu iska ta ratsa, a shimfiɗa busasshiyar dusar katako. Da zarar ta jiƙe a kwashe, don daga nan zawo mai jini ke farawa.

Zakara kuwa, kaza tana ƙwai ko babu shi. Sai in ana son ƙyanƙyasa, nan ma ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, kuma a fara jin ta bakin maƙwabta, tunda cararsa kan riga kiran assalatu.