Lambar Waya a Bakin Kanta: Na'urar Ciniki Mai Riƙe Bayanan Kwastoma

A Legas in ka ce POS, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne 'yar na'urar nan ta Moniepoint ko OPay ko PalmPay da ake zura wa kati. Ita aikinta karɓar kuɗi ne. Ta san naira nawa suka shigo da ƙarfe nawa, amma ba ta san ko taliya aka saya ko man gyaɗa ba. Wadda muke magana a kai, ita ma POS ake kiranta, amma daban ce: manhajar ciniki da ake ɗorawa a kwamfuta ko babbar waya a bakin kanta, ta lissafa kaya, ta rage su daga sito, ta fitar da rasit, sannan ta ajiye tarihin kowane kwastoma. Loyverse da Odoo na cikin waɗanda ake samu a nan. Square da ake yawan gani a bidiyon 'yan Amurka ba ta aiki a Najeriya, kada ka ɓata data a kanta.

Kayan haɗin ba su da yawa: na'urar da manhajar za ta zauna, sikana mai karanta zanen bakod, firinta ta rasit, da akwatin kuɗi. Takardar rasit iri biyu ce, mai faɗin milimita 58 da mai 80. Ƙaramar ta ishi shagon tireda, amma ɗan sari mai dogon sunan kaya ya ɗauki babbar. Firintar ba ta shan tawada, da zafi take rubutu, shi ya sa rasit ɗin da ya kwana biyu a gaban mota cikin rana sai ka ga ya koɗe. Akwatin kuɗin kuwa a jikin firinta ake jona shi, don haka ranar da firinta ta mutu sai da makulli zai buɗe. Makullin nan kada ya kwana a aljihun yaron shago.

Shigar da kaya shi ne aikin da ke cin mako guda. Yawancin kayan kamfani na da bakod mai lamba 13, waɗanda aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa da 615. Shinkafa da wake da ake aunawa a derika ko robar fenti ba su da shi, sai ka ƙirƙira musu lamba da kanka. Inda aka fi tafka kuskure shi ne kwali da ɗaiɗai. Kwalin taliya mai guda 40, in ba ka gaya wa manhajar cewa kwali ɗaya daidai yake da guda 40 ba, za a fasa kwali a sayar da 6, ita kuma tana nan tana ƙirga maka cikakken kwali.

To, ɓangaren kwastoma fa? Duk abin da ke cikinsa a kan abu ɗaya yake tsaye: lambar wayar da aka shigar lokacin ciniki. Suna ba ya raba gardama. Shago ɗaya a Agege ko Idi-Araba zai iya samun Alhaji Sani biyar da Maman Fati uku. Lamba ce ke bambanta su, kuma ita ma sai an yi mata tsari. Yaron safe ya rubuta ta da 080 a farko, na yamma ya rubuta da +234, manhajar ta ɗauke su mutum biyu, ciniki ya rabu gida biyu, bashi ma haka. Ka tsayar da salo guda, lamba 11 mai farawa da sifili, a maimaita wa kwastoma ita kafin a ajiye. Mai layi biyu a tambaye shi wanda ke kan WhatsApp.

Akwai wata matsalar da masu ƙera manhajojin nan ba su yi tunaninta ba. A garin nan sau da yawa wanda ya zo kanta ba shi ne mai kuɗin ba. Direba ne, ko kuku, ko ɗan aike, ko mai okada da Hajiya ta turo daga Surulere. In yaronka ya karɓi lambar direban, duk tarihin gidan ya tafi kansa, ranar da ya bar aiki shi ke nan. Tambayar da za a koya wa mai kanta ita ce, "Da sunan wa za a rubuta?" A wurin da aka ware don ƙarin bayani sai a sa sunan ɗan aiken da kwatancen gidan.

Ga ɗan kasuwarmu, amfanin da ya fi kowanne shi ne bashi. Littafin bashi mai bangon kwali ya daɗe yana wannan aikin a kasuwanni irin su Mile 12, sai dai ruwa na jiƙa shi, shafi na yagewa, kuma mutum ɗaya ne ke iya karanta rubutun. Kafin ka biya kuɗin kowace manhaja, gwada mata wannan: kwastoma ya ɗauki kayan naira 120,000, ya ba da 50,000 a hannu, ya tura 30,000 ta banki, saura 40,000. Shin tana raba biyan gida biyu a rasit ɗaya? Tana ɗora sauran a kan sunansa? In ya kawo 15,000 ranar Juma'a, tana ragewa da kwanan wata? Tana bari ka sa masa iyaka, ta hana sabon bashi in ya wuce? Ba kowace ke yi ba. Wasu an gina su ne don shagon shayi na Turai inda ba a cin bashi, sai ka ga ana dabarar rubuta bashin a matsayin "wata hanyar biya", ƙarshen wata lissafi ya nuna kuɗin da ba su shigo ba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare, ta zo da alat na bogi. Manhajar ciniki da ba a haɗa ta da banki ba, abin da mai kanta ya danna shi take yarda da shi. Kada a danna "an biya" don an ga hoto a wayar kwastoma, sai kuɗin sun bayyana a asusun shago. Da dare a jera jimillar tiransifa ta manhaja da ta banki a gani ko sun yi daidai.

Makin lada da ake tara wa kwastoma abu ne mai daɗin ji, amma a yi lissafi. Kashi 1 cikin 100 na cinikin 50,000 naira 500 ne. A kan turare ko atamfa ba komai ba ne. A kan buhun shinkafa ko sukari da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ka raba ribar da mai saye ba ka sani ba. A ganina ɗan sari ya bar maki, ya yi amfani da rukunin farashi: na ɗaiɗai daban, na 'yan sari daban, manhajar ta sauya da kanta da zarar an kira lambar mutum.

Sai tura saƙo. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum ikon ƙin yarda a yi masa talla da lambarsa, da ikon janye yardar da ya bayar. Karɓar lamba don rasit daban, izinin talla daban, a tambaya a kuma rubuta amsar. Wanda ya tura STOP zuwa 2442 ya toshe saƙonnin talla a layinsa, kuɗinka kawai za su tafi. Jerin watsa saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai gani, don haka a buga ta a ƙasan rasit. Saƙon da ke aiki shi ne wanda tarihin ciniki ya haifa: mai sayen kwalin madara duk mako biyu da aka yi wata ba a gan shi ba, ko masu sayen dabino da gero ana saura kwana goma azumi. Tunatar da mai bashi kuwa kada a bar wa na'ura. Dattijon da ya shekara goma yana ciniki da kai, saƙon inji ya ce masa ya biya, ka rasa shi. Kira ake yi, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a kawo maganar.

Wuta da sabis ba su da tabbas, saboda haka ka kashe data ka gwada ciniki uku kafin ka saya. Mai kyau za ta ci gaba, ta tura bayanan in sabis ya dawo. Amma a shago mai kanta biyu, in babu intanet sau da yawa ɗaya ba ta ganin abin da ɗayar ta rubuta, mai bashi zai iya ɗauka a nan ya ɗauka a can.

Kowane yaro a ba shi lambar sirrinsa. Soke rasit, rage farashi, goge kwastoma da fitar da jerin lambobi su tsaya a hannun maigida, don yaron da zai buɗe nasa shagon a layin baya jerin nan yake fara nema. Kai kuma duk ƙarshen wata ka sauke jerin kwastomomi da na bashi a fayil ɗin da Excel ke buɗewa, ka ajiye kwafi a wata wayar da ba ta zama a shago.