Yadda na toya kiristal ɗin Malam da iskar bakina

Har yau in na ga yaro ya ciro layin waya ya hura masa iska da baki kafin ya mayar, sai gabana ya faɗi. Irin wannan hurawar ce ta cinye mini wata biyu cur a aikin digirina na biyu, kuma ba wanda ya sa ni.

Aikin da aka ba ni shi ne in haɗa ƙaramar leza, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi, mai koren haske a kan teburin ɗakin gwaji. Zuciyar na'urar wani ɗan kiristal ne na Nd:YAG, wato dutsen YAG mai kama da gilashi da ake haɗawa a masana'anta a sirka masa sinadarin neodimiyam (Nd), faɗinsa milimita uku, bai kai ƙwayar masara ba. Malamina ya samo shi ta hannun wani abokinsa da ya dawo daga waje, ƙwaya ɗaya tak. Ranar da ya miƙo mini akwatin ya ce, "Ka ga wannan? Ba shi da ƙani."

Shi YAG ɗin zalla ba ya ba da haske. Sirkin da aka yi masa ne ke aiki: wajen kashi ɗaya cikin ɗari na neodimiyam, kamar gishiri a tukunyar miya. Haka ma lezar farko da Theodore Maiman ya kunna ranar 16 ga Mayun 1960 a Malibu ta Amurka, yaƙutu ce, wato dutsen alminiyam da iskar oksijin da aka sirka da ɗan kuromiyam. Tamu irin, Geusic da abokan aikinsa suka fara nuna ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1964, kuma ita ce likitocin ido ke amfani da ita in gani ya sake dusashewa bayan aikin yana. Na haddace duk wannan, na iya zana shi a allo ido rufe. Na san ana narka kayan a zafin da ya kusa digiri 2000, a riƙa jawo kiristal ɗin a hankali har makonni. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne ɗan shafen da ke fuskarsa, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na gashin kai ba.

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Duk yadda ka toshe taga, da safe sai ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Na ɗora kiristal a mazauninsa na tagulla, na haska tocila, sai ga ɗan ƙura guda biyu a tsakiyar fuskar. Kwalbar metanol, sinadarin da muke wanke kiristal da shi, da takardar goge madubi suna cikin kabad, makulli kuma yana wurin mai kula da ɗakin, shi kuwa ya tafi masallaci. Minti goma kawai zan jira. Ban jira ba. Na sunkuya na ce "fuu", ƙurar ta tashi, har na ji daɗin dabarata.

Na kunna dayod, 'yar fitilar da ke cusa wa kiristal haske mai tsawon zango nanomita 808, na yi ta ƙara masa wuta. Da na sa katin gano haske a gaban madubin fita, ɗigon hasken nanomita 1064 da kiristal ke fitarwa, wanda ido ba ya gani sai a kan katin, ya bayyana, ga shi ɓaro-ɓaro, har na fara laluben waya in kira Malam. Ban kai ga danna lamba ba ɗigon ya fara rawa, ya dushe, ya ɓace. Kwana uku ina murɗa madubai, ina zargin dayod, ina zargin wutar janareta. A rana ta huɗu mai kula da ɗakin ya ciro kiristal ɗin ya sa a madubin ƙara girma, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya tofa wa wannan?"

Baƙin tabo ne a tsakiya, daidai inda haske ke taruwa. Iskar baki ba iska ce zalla ba, akwai feshin yawu da ido ba ya gani. Hasken dayod ɗin mai ƙarfin wat biyu ba wani abu ba ne in ka kwatanta da ƙwan lantarki, amma in ka tara shi a wurin da bai wuce kaurin gashi biyu ba, duk dattin da ya tarar sai ya dafa shi, ya manne da shafen har abada. Metanol ba ya fitar da shi. Na gwada, sau nawa ma.

Da na je gaban Malam na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in tafi in yi tunanin girman tabon da girman fuskar. Sai da na yi mako ina juya maganar kafin na gane: tabon bai kai rabin milimita ba, fuskar kuwa uku ce. Muka sa aka gyara mazaunin a wurin masu aikin ƙarfe, muka gusar da kiristal gefe kaɗan, haske ya bi ta wuri mai tsabta. Daidaita shi ya ci sauran makonnin, ƙarfin kuma bai taɓa kai na ranar farko ba. Duk da haka, daren da muka sa KTP, wani kiristal da ke mayar da 1064 ya koma kore, a ciki koren nanomita 532 ya faɗa kan bango, na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Yanzu 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara tana aljihun rigar aikina, ba a kabad ba. Ba na buɗe akwatin kiristal sai da safar hannu da takunkumi, a lokacin hunturu kuma teburin yana ƙarƙashin rumfar leda. Tabarau na kariya ma ba na cire shi, domin 1064 ba a ganinsa amma yana ƙona ƙwayar ido. Ɗaliban da suka zo bayana suna cewa na cika tsanani. Kafin kowa ya taɓa komai, sai na kai shi gaban madubin ƙara girma ya ga tabon, don har yanzu da wannan kiristal ɗin ake aiki.