Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙwayoyi Talatin a Adakar Inna

A makon jiya na tsaya inda aka sallame ni daga asibiti, kwana goma sha ɗaya bayan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Kasuwar Kara ya yi taho-mu-gama da mota. An sa mini ƙarfe a ƙwauri, aka ba ni sandunan dogarawa biyu da takardar magani.

Ƙanena ya kai takardar ɗakin magani, matar da ke wurin ta ce sai dai a kawo mata mai ciwon da kansa. Aka turo ni a keken marasa lafiya. Ta ajiye farasitamol gefe guda, ta ajiye tramadol mai miligiram 50, ƙwaya talatin, sannan ta fara yi mini tambaya kamar alƙali. Ka taɓa farfaɗiya? Kana shan maganin barci? Numfashi yana yi maka wuya? Duk na ce a'a, sai gyambon ciki da na daɗe ina fama da shi.

"To, Malam, kada wani ya ƙara maka diclofenac ko ibuprofen daga kemis, za su tayar maka da gyambon. Tramadol ɗin kuma ƙwaya ɗaya, sai bayan awa takwas ka ƙara. Farasitamol biyu-biyu, kada ya wuce takwas a yini da dare, hanta yake ci. Maganin mura ma yawanci akwai shi a ciki, ka duba kafin ka sha."

Na ce to. A raina kuwa gida kawai nake son zuwa.

Da muka isa Mabera, Inna na zaune a tabarma tana jira. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ƙanena na karanta mata sunan maganin, sai ta ɗauki salati.

"Mi ka ce? Tramol? Abin da ya lalata ɗiyan mutane shi za ku kawo mani gida?"

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya zauna a Sakkwato shekarun nan ya ga yara majiya ƙarfi sun koma abin tausayi. Tun 2018 da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, sunan waɗannan magunguna ya shiga bakin tsofaffi. Na yi ta yi mata bayani cewa hukumar NAFDAC ta yarda da tramadol mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, kuma da takardar likita. Wanda ake sayarwa a ɓoye, mai 200 da mai 225, shi jami'an NDLEA ke kamawa. Ta saurare ni har na gama, ta miƙo hannu. Ta kai ledar cikin adakarta, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane.

Inna ba ta karanta agogo, amma ta san lokutan salla. Ƙwaya ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Azahar, ɗaya wajen ƙarfe goma na dare idan an rufe ƙofar gida. Da kofin kunu take zuwa, ta tsaya a kaina sai na haɗiye. Kwana uku muka yi a haka, zugin ƙafar ya lafa, har ina samun barci. Abin da ya dame ni kawai bayan gida da ya ɗaure, uwargida ta riƙa yi mini kwaɗon zogale da yankan kankana.

Sai aka ga watan azumi.

Wannan wurin shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa. Tunda na balaga ban taɓa shan azumi ba, na ga ba zan iya zama ina shan ruwa da rana yara na kallona ba. Sai na yi dabara. Ranar jajiberi na karɓi ƙwayar Azahar da ta dare, na ɓoye su a kumatu, Inna na juya baya na tofa su cikin hulata. Na kwana ina cije leɓe. Da sahur ta kawo ta safe, na haɗa ukun na kora da fura, ina ganin za su riƙe ni har a sha ruwa.

Hantsi bai yi ba ɗakin ya fara juyawa. Zufa ta karyo mini, na amayar da furar duka a kan buta, sannan wani barci mai nauyi ya danne ni. Ina jin muryar uwargida can nesa tana cewa, "Malam! Malam, buɗe idonka!" amma fatar idon ta ƙi ɗaguwa. A keke napep aka mayar da ni asibiti, ƙafar na miƙe a kan cinyar ƙanena, rana na dukan kwalta.

Bayan an ƙara mini ruwa na dawo hayyacina, likitan ya ja kujera ya zauna. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce maganin ba ajiya jiki ke yi masa ba, idan aka zuba da yawa lokaci guda kai tsaye yake hawa ƙwaƙwalwa, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya rage numfashi har mutum ya wuce cikin barci. Ga zafin garinmu da ke haura digiri 40, ga ciki ba ruwa. Ya ce da na tambaye shi tun farko, da mun duba tare ko za a canja tsarin shan.

Kawu, wanda ke limanci a masallacin layinmu, yana tsaye bakin gado. Ya karanta mini ayar Suratul Baƙara da ta ce mara lafiya da matafiyi su rama a wasu kwanaki, ya ce, "Allah Ya yi maka sauƙi, kai ka ƙi karɓa?" Inna ba ta ce komai ba. Daga ranar dai sai na buɗe baki ta leƙa.

Likitan bai yanke maganin rana ɗaya ba, ya ce jiki na iya tayar da hankali. Ya mayar da ni biyu a yini na kwana huɗu, sannan ɗaya da dare na kwana biyar, daga nan farasitamol kaɗai. Ƙwaya huɗu suka rage a adaka.

Ana saura kwana kaɗan Salla, wani yaro da ke yi mini lodin albasa a Kara ya zo gaishe ni. Ya durƙusa, ya yi mini sannu da jiki, ya daɗe yana murza yatsu. Can ya sassauta murya ya ce, "Oga, an ce an ba ka tramol na asibiti. In da saura, bayana ke ciwo." Idonsa ja, hannunsa na rawa. Na ce masa babu abin da zan ba shi sai kuɗin ganin likita. Washegari Inna ta sa ƙanena ya mayar da ƙwayoyin huɗu wurin matar da ta ba mu.

Yaron bai karɓi kuɗin ba. Inda na sake ganinsa, da halin da na same shi, shi ne kashi na goma, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.