Kemistiri a cikin ƙasar gonar gida

Ƙaramin ɗakin gwajin ƙasa gare ni a Samaru, Zariya. Manoma ne ke riƙe da sana'ar: su kawo ƙasa, mu auna, mu faɗa musu takin da ya dace da gonar. Duk shekara kuma ana turo mana ɗaliban aikin gona don sanin makamar aiki, kuma kusan kowannensu da fargabar kemistiri yake shigowa. An haddace, an zuba a takardar jarrabawa, an manta.

Ranar farko ba wanda ke taɓa na'ura. Zoborodo nake jiƙawa, in raba ruwan kofi biyu. Na farko in matsa masa lemon tsami, jan ya ƙara fitowa. Na biyu in ɗiga ruwan kanwa, nan take ya rine ya koma kore mai duhu. In ce musu wannan shi ne pH ɗin da ke ba ku tsoro, wato ma'aunin tsami, kun daɗe kuna shan sa a kunun tsamiya da kunun kanwa.

Daga nan kowa ya kawo ƙasar gonar gidansu. A haƙa zurfin santimita 20 a wurare da dama, a cakuɗa a bokiti, a shanya a inuwa (rana tana ɓata sakamako, ina yawan faɗa a kan wannan), a daka, a tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2. Giram 10 na ƙasa, mililita 25 na tataccen ruwa, a motsa, a jira rabin awa, a auna pH.

Wata ɗaliba daga wajen Funtuwa, pH ɗin tata ƙasar bai kai 5 ba, wato ta yi tsami sosai. Ta ce masararsu ba ta tsawo, ganyen har shunayya yake yi, alhali mahaifinta ba ya fashin taki. Muka zauna. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, amma zuba ta shekara da shekaru yana tsamama ƙasa. Ƙasa kuwa in ta yi tsami, ƙarfe da alminiyon da ke cikinta sai su riƙe fosfaras, saiwa ta kasa sha. Kuɗin kamfa, takin da ke ɗauke da fosfaras, ya tafi ke nan. Da hannunta ta yi gwajin fosfaras, shuɗin da ke nuna yawansa ya fito fari-fari, da ƙyar ake ganin sa.

Ta rubuta abin da za a fara da shi: farar ƙasa ko toka, da takin dabbobi. Sannan ta fita bakin ƙofa da wayarta, na ji tana cewa, "Baba, don Allah kada ka sayi wani buhun tukuna, sai na zo."