Rauta biyu a shago ɗaya

Talata, Gombe.

Ban gama karyawa ba Alhaji mai shagon kwamfuta na Jekadafari ya kira. "Injiniya, sabis ya ƙi tun jiya, ga yara sun cika min shago za su fitar da silif ɗin JAMB." Na ɗauki jakar kayan aiki na hau mashin, rana ta riga ta fara dukan mutum tun ƙarfe tara.

Na tarar ya yanke hukunci, wai laifin kamfanin layi ne, har ya aiki yaro sayen wani sim. Na tsugunna gaban rautar, wato na'urar da ke raba intanet a shagon, fitilar sigina kore shar. Na haɗa wayata da ita, shafi ya buɗe nan take. Ke nan intanet na isowa, a cikin shagon yake ɓacewa.

Na zauna gaban kwamfutar farko, na buɗe baƙin allon nan na cmd, na rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta. Adireshi ya fito lafiya, ƙofar fitarta, wato adireshin rauta, 192.168.0.1. Na yi ping ɗin ƙofar, wato na ƙwanƙwasa in ga ko za ta amsa, ta amsa. Na yi ping 8.8.8.8, wato sabar Google, shiru. Kwamfutar da ke kusa da wannan kuwa komai na tafiya. Muka kashe su muka kunna, sai suka yi musanya: mai lafiya ta kwanta, marar lafiya ta tashi.

"Alhaji, an jona wani sabon abu kwanan nan?"

"Wallahi babu abin da aka taɓa."

Sai ƙaramin ɗansa daga gefen fotokwafi ya ce, "Baba, ai Yaya ya kawo wata rauta ranar Asabar saboda ɗakin baya."

To, ga ɓarawon. Rauta tana fitowa daga kwali da DHCP a kunne, ita ke raba wa kowace na'ura adireshi, ta kuma nuna mata hanyar fita. An jona ta biyu a suwic ɗaya da ta farko, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa, ita ma tana rabon, kuma duk su biyun suna amsa 192.168.0.1. Sarki biyu a gari ɗaya. Kwamfutar da ta faɗa hannun ta ɗakin baya ta shiga uku, don wannan ba ta da sim, ba ta da inda za ta kai kowa. Na zare rautar ɗakin bayan, na jona ta da laftof ɗina ita kaɗai, na shiga ta burauza, na mayar da adireshinta 192.168.0.2, na kashe DHCP, sannan na mayar da kebul cikin ramin LAN, irin wanda ake jona kwamfutoci. Kalmar sirrin shiga saitinta har yanzu admin ce. Na canza, na rubuta wa Alhaji a bayan littafin bashinsa, don shi ne kaɗai littafin da na tabbata ba zai ɓata ba.

Saura kwamfuta ɗaya a ɗakin baya, ita ce ta cinye min har azahar. Adireshinta ya fara da 169.254, wanda Windows ke ba kanta idan ta nema ba wanda ya ba ta. Fitilar suwic na ci. Na sa kebul ɗin a testa, na'urar gwada wayoyi takwas ɗin da ke cikinsa, fitilu takwas suka bi juna tsaf. Sai da na ɗaga kan kebul ɗin a haske na ga aikin: wanda ya matse shi ya jera wayoyin biyu-biyu yadda suka zo a murɗe, kai da kai iri ɗaya. Testa mai araha ba ta gane wannan, ita dai ta ga wuta ta wuce. Amma waya ta 3 da ta 6 dole su zama 'yan murɗi ɗaya, don murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniya. A gajeren kebul kan tsira, a dogo irin wannan da ya bi silin kusa da wayar wuta, sai saƙo ya lalace a hanya. Na yanke kawunan biyu na sake matsewa a tsarin B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na sa yaron ya maimaita har ya hardace. Yana da kai, ya fi yayan nasa haƙuri.

Firinta na ɗaure mata adireshi ɗaya a cikin rauta, kada ta ci gaba da ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Babbar rautar a ƙasa take zaune, bayan kabad ɗin ƙarfe, ta yi zafi rau, ƙura ta toshe ramukan iskarta. Na hure ta na ɗora a kan kanta kusa da taga. Alhaji ya tambayi me ya sa sunan Wi-Fi ɗinsa biyu, ɗaya da lamba 5, ɗaya da 2.4. Na ce mai 5 ya fi gudu amma bango na kashe shi, mai 2.4 ya fi nisa amma makwabta duk a kansa suke cunkushe. Kwamfutocin aiki dai su zauna a kebul, na fi yarda da shi.

Wajen biya muka ɗan ja. "Injiniya, ai ba ka canza komai ba sai kawuna biyu." Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin gano wurin ne." Ya yi dariya ya ƙara, ya kuma aika aka kawo min fura. Na ba shi shawarar ya nemi ƙaramin batirin nan mai bolt 12 na rauta, don kafin a tayar da janareta duk wanda ke tsakiyar cike fom ya yi asara.

Gobe Tumfure, wata makaranta na son jan kebul daga ofis zuwa ɗakin kwamfuta. Kebul ɗin jan ƙarfe ba ya wuce mita 100, kuma a waya sun ce min "ba nisa", don haka da tef ɗin awo zan tafi.