Kofi ya fashe ko na fasa kofi: yadda Japananci ke faɗar abin da ba a yi da gangan ba

Bahaushe mai koyon Japananci yana shigowa da ɗan jarinsa, domin harshensa ya riga ya raba "na fasa kofi" da "kofi ya fashe". Japananci ma biyu-biyu yake jera aikatau: waru fasawa, wareru fashewa, kowasu lalatawa, kowareru lalacewa. Aikatau so-karɓau (irin "fasa", mai faɗawa kan wani abu) yana tafiya da kalmar o, ƙi-karɓau (irin "fashe") da kalmar ga: koppu o watta, na fasa kofi; koppu ga wareta, kofi ya fashe.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan jarin kansa yana iya kai mutum ya baro. A ce ka ari kyamarar abokin aikinka, ta suɓuce maka ta lalace. In ka ce kamera ga kowaremashita, nahawunka daidai ne, amma shi abin da kunnensa zai ji shi ne kana zame jiki, kamar kyamarar ce ta ga dama ta lalace. Abin da ya dace ka ce: kamera o kowashite shimaimashita, na lalata kyamarar. So-karɓau ya ɗora laifin a wuyanka, kalmar shimau kuma (ita ce ta zama shimaimashita a ƙarshen jimlar) ta shaida cewa ba da gangan ka yi ba, kuma abin ya dame ka.

Haɗa ta ba wuya. A sa aikatau a sigarsa mai ƙarewa da te ko de, a liƙa shimau: wasurete shimatta, na manta, kaico. A hirar yau da kullum te shimau tana komawa chau, de shimau ta koma jau, shi ya sa za ka ji tabechatta (na cinye) da nonjatta (na shanye). A kula, shimau tana kuma nufin gama abu tas: zenbu yonde shimatta, na karance duka, babu nadama a ciki. Yanayin magana ne ke bambanta su.

Bayanau uku, wato kalmomin da ke nuna yadda aka yi aiki, ne ke yawan raka shimau, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Ukkari sakaci ne, kamar barin lema a jirgin ƙasa. Tsui ta wanda ya san bai kamata ba ce amma hannu ya kai: tsui tabesugite shimatta, na zarce da ci. Omowazu kuwa jiki ne ya riga tunani, irin dariyar da ta kuɓuce wa mutum a tsakiyar taro.

Sai abin da masana nahawun Japan ke kira jihatsu, wato abin da ya taso da kansa a zuciya. Ɗafa-ƙeyarsa, wato abin da ake liƙa wa ƙarshen aikatau, reru ko rareru ce, kuma galibi aikatau na tunani da ji take kamawa, irin su omou (yin tunani) da kanjiru (ji a jiki ko a rai). Mukashi no koto ga omoidasareru: abubuwan da suka wuce suna faɗo mini a rai. Dubi kalmar ga ɗin nan: tunanin ne ya zo wa mutum. An fi cin karo da wannan siga a rubutu da jawabi. A bakin mutane kuwa mieru (ganuwa) da kikoeru (jiyuwa) ne suka fi yawo: yama ga mieru, ana hangen dutse, ko ka yi niyyar kallo ko ba ka yi ba.