Laraba a Kaduna: ruwan da ke ɓacewa tsakanin hasumiya biyu

Tun bayan asuba nake kan samfurin tsarin cire iskar CO2 daga hayaƙi a Aspen Plus, manhajar kwaikwayon ayyukan masana'antar sinadarai, bai daidaita ba sai da la'asar. Tsarin sananne ne. Hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal, mai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na iskar CO2, yana shiga hasumiyar tsotsa ta ƙasa, ruwan MEA (sinadarin da ke kama CO2) mai ƙarfin kashi 30 yana zubowa daga sama a kan digiri 40. Idan ruwan ya ƙoshi sai ya wuce hasumiya ta biyu, a dafa shi da tururi zuwa digiri 120, ya saki iskar, ya komo.

Muddin hasumiyoyin suna rabe, lissafi lafiya lau. Ina haɗa bututun komowa, kwamfuta ta yi ta zagaye ta ƙi tsayawa. Ashe hayaƙin da aka wanke yana fita da ɗumi, yana kwashe danshi da ɗan MEA. Kowane zagaye ruwa na raguwa, sinadarin na ƙara kauri. Maganinsa bututun ciko ne da zai mayar da daidai abin da ya fita, sannan a fara lissafin da alƙaluman da aka samu tun hasumiyoyin na rabe.

Inda na fi daɗewa shi ne ragowar CO2 da ake bari cikin ruwan da ya komo. In an matsa a tatse shi ƙarƙaf, tururi ya tafi a banza. In an bar da yawa, dole a ƙara yawan ruwan da ke zagayawa, dumama shi ma wuta ce. Tsakanin 0.2 da 0.25 na mol (ma'aunin yawan sinadari) na CO2 a kan kowane mol na MEA abin ya fi sauƙi, zafin da ake buƙata kusan gigajul (ma'aunin makamashi) 3.5 zuwa 4 kan kowane tan na CO2. Tururin nan kuwa daga bakin injin lantarkin ake yanko shi.

Tashar Boundary Dam ta Kanada, da ta fara wannan aiki na kama CO2 a 2014, a ƙasar sanyi take. Digiri 40 ɗin nan ya dame ni. A zafin Maris na Kaduna ruwan sanyaya kansa da ɗumi yake zuwa, kuma MEA mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗaga shi zuwa 45 da 50, in ga nawa tururin zai ƙaru.